Lafiyar Iyali: Babban Likita Ya Koma Ɗan Koyo

A wannan wata za mu yi magana a kan wani irin likita wanda yawancinmu ba mu san da zamansa ba sai ranar da bukata ta kama mu. Shi ne likitan ciwon daji na mata, watau wanda ya riga ya zama babban likitan mata da haihuwa, sa'an nan ya sāke ɗaukar shekara biyu ko uku yana koyon abu guda kaɗai: yadda ake yaƙi da ciwon daji in ya kama mahaifa, ko bakin mahaifa, ko ƙwan mace, ko gabanta.

Ko yaro a Kano ya sani, in mutum ya yi mummunar karaya, Dala ake nufa da shi. In ido ya yi yana, akwai asibitin ido. Ba mai jin haushi in likita ya ce masa wannan ba aikinsa ba ne, ya tafi wurin masu shi. Amma in ciwon daji ya kama mace a ciki, sau da yawa mukan ɗauka duk likitan da ya iya fid da jariri ta hanyar aiki, ai wannan ma zai iya. Zaton nan ya sa an yi rashin iyaye mata waɗanda da an kai su inda ya dace, da yau suna tare da jikokinsu. Gama a ciwon daji, aikin da aka fara yi wa mace shi ne yakan nuna yadda ƙarshen zai zama. Tun ran gini, tun ran zane. Hannun da zai fara taɓa ta ya kamata ya zama hannun da aka hora domin wannan aiki.

Asibitin Malam

Wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ba zai rasa ganin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba. Mutanen gari sukan taƙaita su ce Asibitin Malam. An kafa shi a 1988. Da fari ya zauna na aro a cikin Asibitin Murtala, sa'an nan a 1996 ya ƙaura zuwa mazauninsa na yanzu. Sunan Malam Aminu Kano ne aka sa masa, wanda ya rasu a 1983. Ana kawo masa marasa lafiya daga ko'ina cikin jihar Kano, da Jigawa, da Katsina, har da ƙetaren iyaka daga Nijar.

Mu lura da kalmar nan "koyarwa" da ke cikin sunansa. Asibitin yana da aiki biyu. Yana jinya, yana kuma renon likitoci. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero a nan suke koyon duba majiyyaci. Likitocin da suka riga suka gama jami'a kuma a nan suke yin shekarun horon zama ƙwararru, cikinsu har da na sashen mata da haihuwa. Shi ya sa in kin kwanta a can, za ki ga babban likita ya zo zagaye da ayarin matasa a bayansa, yana yi musu tambayoyi a kanki. Waɗansu mata sukan ji kunya, waɗansu su ji haushi, su ce an mai da su allon karatu. Ba raini ba ne. Likitan da zai yi wa 'yarki aiki nan da shekara ashirin, a bakin gadonki yake koyo yau.

Tsani mai hawa da yawa

Bari mu ƙirga shekarun tare, gama mutane da yawa ba su san tsawon hanyar ba.

Yaro ko yarinya ya gama sakandare ya shiga jami'a. Karatun likita shekara 6 ne. Bayan ya ci jarrabawa, sai ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti, yana zagaya sassa a ƙarƙashin manya. Daga nan sai shekara 1 ta bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan, a lokacin kuwa likita ne na kowane irin ciwo, bai ƙware a kan kome ba tukuna.

In yana so ya zama likitan mata da haihuwa, sai ya nemi gurbi a asibitin koyarwa irin na Malam. Nan zai yi shekara 5 ko 6, yana kwana a ɗakin haihuwa, yana tsayawa a ɗakin tiyata, yana karatu da dare. Hukumomi biyu ne suke jarraba shi. Ɗaya ita ce Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana Legas. Ɗayar kuwa Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ce. Jarrabawar hawa uku ce, a hawa na ƙarshe kuma sai ya yi bincike ya rubuta shi ya kāre shi a gaban dattawan aikin. In ya haye, ya zama babban likita. Mun kai shekara 13 ko 14.

A nan yawanci suke tsayawa, ba laifi kuma, gama aikin da ke gabansu ya isa: haihuwa mai gardama, jijjiga, zubar jini, ɓari, ƙarin mahaifa, rashin haihuwa. Amma wanda ya zaɓi ciwon daji, sai ya ajiye girmansa ya koma ɗan koyo. Ya tsaya kusa da wanda ya fi shi, ya riƙe masa ƙarfe, ya karɓi gyara, har shekara biyu ko uku. A Amurka horon yakan kai shekara uku zuwa huɗu. Duka-duka, daga ranar shiga jami'a, shekara 15 zuwa 17 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba, in bai faɗi jarrabawa ba, in bai yi jiran gurbi ba. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 zai fito yana wajen 35. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitan da za mu bukata nan da shekara goma sha biyar, sai in yau yana aji.

Me ya rage masa ya koya?

Tambaya ce mai kyau. Ga amsarta kashi biyar.

Na fari, hannu. Ciwon dajin bakin mahaifa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan yi saiwa zuwa naman da ke gefe da gefe, ya bi hanyoyin kaluluwa da ke cikin ƙugu. Don haka aikinsa ya bambanta da cire mahaifa na yau da kullum. Dole a cire mahaifa tare da naman gefenta, da saman farji, da kaluluwar da ke manne da manyan jijiyoyin jini. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ernst Wertheim, ya fara irin wannan aiki a 1898, har yanzu kuwa ana kiran aikin da sunansa. Wuyarsa ita ce, bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yana wucewa daf da bakin mahaifa, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Sai an ɓamɓare shi a hankali an kau da shi gefe. In wuƙa ta taɓa shi, mace ta tashi da yoyon fitsari, ko ƙodarta ta lalace. Gaba ga mafitsara, baya ga dubura. Aikin yakan ci awa uku ko huɗu. Ciwon dajin ƙwai kuwa yakan watsu cikin ciki kamar an yayyafa gero, a kan hanji, a kan tantanin kitsen da ke rufe hanji, har sama ƙarƙashin haƙarƙari. Mai wannan aiki sai ya iya yanke hanji ya haɗa, ya iya ɗinke mafitsara, abin da ba kullum likitan haihuwa yake yi ba.

Na biyu, sanin lokacin da ba a yanka. Wannan ya fi na farin wuya. Likitoci sun kasa girman ciwon hawa huɗu. A hawa na ɗaya yana cikin bakin mahaifa kaɗai. A na biyu ya fara fita. A na uku ya kai bangon ƙugu ko ya toshe hanyar fitsari. A na huɗu ya shiga mafitsara ko dubura, ko ya tafi nesa. Wuƙa tana da amfani a farkon hanya ne. In ciwon ya wuce nan, maganinsa hasken na'ura ne mai ƙona ciwon, wanda mutane suke kira gashi. Ana haska shi daga waje kwana biyar a mako har wajen mako biyar, sa'an nan a sa wani ɗan bututu a cikin mahaifa a haska daga ciki. Ana so a gama duka cikin mako takwas. Tun 1999 aka tabbatar cewa in aka haɗa gashin da wani magani mai suna cisplatin, sau ɗaya a mako, mata sun fi tsira.

Na uku, magunguna masu ƙarfi da ake sawa ta jijiya. Sai ya san awonsu bisa ga nauyin mace da lafiyar ƙodarta, ya san abin da zai yi in jininta ya yi ƙasa. Ga misalin da zai ƙarfafa mu. Akwai cikin da mace takan ɗauka ba ɗa a ciki, sai ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar nonon inabi. Bayan an wanke shi, a waɗansu matan yakan rikiɗe ya zama ciwon daji mai saurin kaiwa huhu. Dā kisa yake yi. A 1956 wani likita a Amurka, Min Chiu Li, ya warkar da mace mai wannan ciwo da magani mai suna methotrexate, ko da yake ya riga ya watsu a jikinta. Yau yawancin masu wannan ciwo suna warkewa sarai, da yawa kuma suna sāke haihuwa, muddin an bi su da awon jini a kai a kai, aka kuma ba su maganin daidai.

Na huɗu, shawara da abokan aiki. Ba likitan da yake yanke hukunci a kan ciwon daji shi kaɗai. Ana zama a tebur ɗaya: mai fiɗa, da likitan da yake duba nama a madubin likita, da mai karanta hoto, da likitan gashi, da nas. A ɗauki majiyyata ɗaya ɗaya a tattauna. Ɗan koyo yakan kawo bayanin, manya su yi masa tambaya. Yana kuma da littafin da yake rubuta kowane aikin da ya yi, malaminsa ya sa hannu.

Na biyar, baki. Yadda za a zaunar da mace da mijinta a faɗa musu gaskiya ba tare da an kashe musu zuciya ba. Yadda za a yi magana da amarya wadda ba ta haihu ba tukuna a kan mahaifarta, gama in ciwon ƙarami ne ƙwarai, akwai aikin da yake cire bakin mahaifa ya bar mahaifar. In kuwa ciwon ya fi ƙarfin magani, aikin likita bai ƙare ba. Akwai maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin, akwai hanyar tsai da jini da rage wari, domin uwa ta ƙarasa kwanakinta da mutuncinta a tsakiyar 'ya'yanta.

In aikin farko ya karkace

Bari mu nuna abin da yakan faru. Mace mai shekara arba'in da 'yan kai tana zubar jini wata da watanni. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti. Ba a duba bakin mahaifa da ido ba, ba a gutsuri nama an kai gwaji ba. Aka yi hoto, aka ga ƙari a mahaifa, aka ce shi ne, aka cire mahaifa irin cirewar yau da kullum. Ashe ciwon daji ne a bakin mahaifa. Wuƙa ta ratsa ta tsakiyar ciwon, ta bar saiwarsa a gefe. Jini ya tsaya, iyali suka yi murna, suka biya kuɗi. Bayan 'yan watanni ciwo ya dawo. Yanzu gyaran ya yi wuya ninki biyu, gama mahaifar da za a sa bututun haske a cikinta babu ita, hanji kuma ya sauko ya manne a gurbinta, inda haske zai iya ƙona shi.

Haka yake ga ƙwai. Kumburin da aka ɗauka ruwa ne kawai, in ya fashe a cikin ciki lokacin aiki alhali ciwon daji ne, ya watsa irinsa ke nan. An daɗe da gani a ƙasashe dabam dabam cewa mata masu ciwon dajin ƙwai sun fi daɗewa a duniya in ƙwararren wannan fanni ne ya yi musu aikin, musamman in ya kwashe duk abin da ido yake gani.

Ba muna zargin likitocin ƙananan asibitoci ba ne. Su ne suke ceton matanmu da tsakar dare sa'ad da haihuwa ta zo da gardama. Likita nagari a cikinsu shi ne wanda ya ga abin da ya yi kama da ciwon daji, ya ajiye wuƙa ya ɗauki alƙalami ya rubuta takarda zuwa babban asibiti. In ya yi haka, mu gode masa. Kada mu fita mu nemi wani wanda zai yarda ya yanka gobe da safe.

Ina ake samun wannan horo?

Fannin ba tsoho ba ne. A Amurka likitocinsa sun kafa ƙungiyarsu a 1969, a farkon shekarun 1970 kuma aka amince da shi a matsayin ƙwarewa mai jarrabawarta. Shekaru da yawa bayan haka, likitan Afirka da yake son wannan ilimi sai ya ƙetare teku, ko ya tafi Afirka ta Kudu ko Indiya. Wannan hanya tana da illa biyu. Wanda ya tafi ba lalle ya dawo ba. Wanda ya dawo kuma ya koyi aiki a inda mata suke zuwa da wuri, jini yana jira a firij, na'ura ba ta tsayawa. Ya zo gida ya tarar da mata sun zo a hawa na uku, dangi suna neman wanda zai ba da jini, miji yana lissafin abin da zai sayar.

Saboda haka aka juya tunani: maimakon a kai ɗalibi wurin malami, a kawo malami wurin ɗalibi. Asibitin koyarwa na Moi a Eldoret ta ƙasar Kenya ya yi haka tare da likitocin Jami'ar Toronto ta Kanada. Asibitin Komfo Anokye a Kumasi ta Gana ya yi haka tare da Jami'ar Michigan. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Ciwon Dajin Mata ta Duniya ta fara wani shiri na shekara biyu a kan wannan tsari. Ɗan koyo yana zaune a asibitinsa yana yi wa mutanensa aiki, yana da malami na gida da malami na waje. Na wajen yakan zo lokaci lokaci su shiga ɗakin tiyata tare, kowane wata kuma a haɗu ta intanet a tattauna majiyyata. A ƙarshe ya zauna jarrabawa.

Mu a Arewa mun riga mun ga amfanin irin wannan koyo da idonmu. Tun farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina yana ɗinke matan da haihuwa ta bar su da yoyon fitsari. Bai tsaya ga aikin hannunsa ba. Ya koya wa likitoci da nas-nas masu yawa, a Katsina da Kano da waɗansu garuruwa, har aikin da dā ake cewa sai Turai ya zama aikin gida. Abin da aka yi wa yoyon fitsari, ana iya yi wa ciwon daji. Asibiti irin na Malam yana da abin da horon yake bukata mafi girma, watau majiyyata masu yawa, da ɗakunan tiyata, da ɗakin gwajin nama, da matasan likitoci masu son koyo.

Girman bukatar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da ciwon dajin bakin mahaifa a duniya, wajen 350,000 kuma suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe matalauta. A Nijeriya, a 2020, wajen mata 12,000 suka kamu, wajen 8,000 suka mutu. In muka raba, fiye da mata 20 ke nan kowace rana. Bayan ciwon dajin nono, shi ne ya fi kama matanmu. Yakan ɗauke su kuwa a tsakiyar ƙarfinsu, sa'ad da yara suke makaranta.

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 hukumar ta sa wa duniya buri uku kafin 2030: a yi wa 'yan mata 90 cikin 100 rigakafi kafin su cika shekara 15, a duba mata 70 cikin 100 a shekara 35 da kuma 45, a yi wa 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Buri na uku ba zai cika ba sai da likitan da muke magana a kansa. Ina amfanin a gaya wa mace tana da ciwo in babu mai yi mata aiki?

Shi ma ba zai iya shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shekara da shekaru matan Kano da suke bukatar gashi sukan ɗauki hanyar Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma asusun tallafi da aka fara a 2021 domin marasa ƙarfi masu ciwon dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, asibitin Shika yana cikin shida na farko da aka fara da su. In an tura ku gashi, ku tambayi likitanku inda na'ura take aiki a lokacin, ku kuma tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin ko akwai tallafin da za ku nema.

Namu rabon aikin

Likita ya yi shekara goma sha bakwai yana wasa wuƙarsa. Amma in mace ta iso wurinsa a hawa na huɗu, kusan duk abin da ya koya ba zai yi mata amfani ba. Saura yana hannunmu a gida.

Uwargida, ga alamun da ba a zama da su: jini bayan saduwa da maigida, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini ko ɗigo ɗaya ne bayan al'ada ta ɗauke shekara guda ko fiye, ruwa mai wari da ba ya jin magani, ciki yana kumburi, kina ƙoshi da loma kaɗan, mako bayan mako, ƙaiƙayi ko gyambo a gaba da ya ƙi warkewa. Ba kowane ne ciwon daji ba, amma kowane ya isa a duba. Kada ki ce sanyi ne ki yi ta shan jiƙo. In kin je, ki roƙa a duba bakin mahaifa da ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In kin fi sakewa da likita mace ko nas, ki faɗa.

Maigida, kuɗin mota da izini sau da yawa a wurinka suke. Ka raka ta da kanka, ka ji bayanin da kunnenka. Kafin ka sa hannu a takardar aiki, ka yi tambaya uku cikin ladabi: An gutsuri nama an gwada? In ciwon daji ne, a hawa na nawa yake? Wanda zai yi aikin ya saba da irinsa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Bayan aiki kuma, duk abin da aka cire daga cikinta, kome ƙanƙantarsa, a kai shi ɗakin gwaji. Kada a binne shi, kada a yar. Ka koma ka karɓi sakamakon, ka adana takardar kamar takardar fili.

Ka kuma san wannan. Ƙwayar cutar da take jawo ciwon bakin mahaifa, wadda ake kira HPV, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, maza da mata masu yawan gaske kuma sukan ɗauke ta ba su sani ba. A yawanci jiki yakan kore ta da kansa. A waɗansu takan kwanta shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama ciwo. Saboda haka ciwon ba shaida ba ce a kan halin matarka. Mace mai jinya tana bukatar miji a gefenta.

Iyaye, tun ranar 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan ƙwaya, allura ɗaya tak, kyauta, Kano kuwa tana cikin jihohin farko. Ana amfani da allurar a duniya tun 2006, ba ta hana haihuwa. Ku tambaya a asibitin unguwarku. Mata daga shekara 30 kuma su je a duba su ko ba sa jin kome, masu ɗauke da ƙwayar HIV tun daga 25, gama haɗarinsu ya ninka sau shida. In an ga tabon da bai zama ciwo ba tukuna, cikin 'yan mintoci ake ƙone shi, a koma gida ran nan.

Zumuntar mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yar'uwar da aka tura gashi za ta yi mako bakwai ko takwas a garin da ba nata ba. Wa zai riƙe yaranta? Wa zai dafa wa gidanta? A ina za ta sauka? Abin da yakan sa mace ta yanke magani a tsakiya ke nan, yanke shi kuwa yana ba ciwon dama ya farfaɗo. Matasa maza, aikin nan yana cin jini, ku je ku bayar tun ba a roƙe ku ba. Mu yi mata addu'a, mu kuma sa ta a mota a ranar. Kada addu'armu ta zama dalilin jinkiri.

A ƙarshe, ku iyayen da Allah ya ba ku ɗa ko 'ya likita. Mun san kun daɗe kuna jira. Ƙannensa suna bukatar kuɗin makaranta, tsararsa sun gina gidaje, waɗansu abokansa sun tafi Ingila ko Saudiyya suna aiko da kuɗi. In ya zo ya ce muku zai ƙara shekara biyu ko uku yana koyo, kada ku karya masa gwiwa. In 'yarku ce ko surukarku, ku taimake ta da reno, gama mata da yawa da suke ɓoye ciwonsu za su buɗe baki in suka ga mace a kujerar likita. Ku sa musu albarka su koya, ku kuma roƙe su su tsaya a gida su koya wa na bayansu.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan yadda ake jinyar mai shan maganin ciwon daji a gida: abincinta, tsabtarta, da alamun da za su sa a koma asibiti da gaggawa. Ku huta lafiya.